Takardar da Ke Ƙasan Randar Shinkafa

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Likita Baiq Wirasti a birnin Mataram, tana da shekara hamsin da huɗu. An ce tana zaune gaban madubinta na aiki, mai girmama abin da ido ba ya gani, ta ce wa abokiyar aikinta kanta yana sarawa, kafin a kawo mata ruwa ta kife a kan tebur. Jijiya ce ta fashe mata a kai. Labarin ya same ni a rumfar taba, ina tsire ganye a sanda tare da matan unguwarmu. Ungozomar ƙauyenmu ce ta tsayar da babur ta kira ni gefe ta faɗa mini. Ban yi kuka a wurin ba. Na zauna a kan tulin ganyen mutane har mai rumfar ya yi magana.

Likita, ni ce Inaq Sahwan, wato uwar Sahwan. Yau Juma'a, kwananki tara a ƙasa, kuma da yamma za a taru a gidan mahaifinki don sadakar tara. Ina rubuta wannan da hannuna, a littafin makaranta na ƙarshe da kika kawo mini. Idan haruffan sun karkace ki yi haƙuri, kin san hannun, ke kika riƙe shi ya fara.

Mutane da yawa za su yi maganarki yau, manyan likitoci da ɗalibanki, kuma sun fi ni sanin girman aikinki. Ni abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Na yi miki laifi kwana ɗaya kafin ki rasu, kuma babu wanda zan faɗa wa sai ke. Ranar Laraba ungozoma ta kawo mini ambulan daga wurinki, na gwajin jinin 'yata Munisah. Takardar an ninke ta uku. Na buɗe ninki na farko na karanta: an gano ƙwayar cutar a jininta, lambar kuma ta yi sama, ana so a leƙa bayan hancinta. Nan na tsaya. Ban buɗe sauran ba. Na mayar da ita ambulan, na shiga madafa, na tura hannuna cikin randar shinkafa har gwiwar hannu, na binne ta a ƙasa. Ban gaya wa Munisah ba. Washegari kika rasu.

Ke kaɗai kika san abin da wannan yake nufi, amma tunda za a karanta a gaban jama'a, bari in faɗa da bakina.

Ɗana na fari, Sahwan, wanda nake amsa sunansa, yana da shekara ashirin da uku kunnensa na dama ya toshe. Sai majina mai jini da safe. Na ce iska ce ta shige shi, na shafa masa man kwakwa na kankare masa baya da kwandala har ya yi ja, kamar yadda kowace uwa take yi a nan. Da abin ya ƙi, ya je babban asibiti, aka gutsiri ɗan nama a bayan hancinsa aka ce za a aiko da sakamako. Kafin sakamakon ya zo jinin ya tsaya, ya ce ya warke, ya bi abokansa tsibirin Sumbawa girbin masara a kan tudun da waya ba ta shiga. Ubansa yana Malesiya a gonar kwakwar manja. Takarda ta zo ta same ni, da hatimi shuɗi a kanta.

Uwata ta koya mini cewa randar shinkafa wuri ne mai sanyi da albarka, abin da aka ajiye a ciki yakan huce. Ta ajiye cibiyarmu a ciki, ta ajiye zoben aurenta a shekarar da suka yi rikici da mahaifina. Ni kuma na ajiye takardar Sahwan. Wata biyar. Da ya dawo, akwai ƙari a wuyansa kamar ƙwan agwagwa.

A ɗakin marasa lafiya na fara ganinki. Wata gajeruwar mata mai tabarau a goshi ta zo ta tsaya a ƙafar gadonsa ta ce ita ce ta duba namansa, ita ce ta sa hannu a takardar, kuma wata biyar tana neman sunansa a jerin waɗanda suka dawo. Kika tambaye ni ko takardar ba ta iso ba. Na ciro ta daga zanena na miƙa miki. Kika karɓa, garin shinkafa ya zuba a kan farar rigarki. Kika shinshina ta. Na jira ki yi mini tsawa a gaban mutane, don na cancanta. Ba ki yi ba. Na ce miki ban iya karatu ba ne. Kika ce, "'Yarki fa? Ba ta makaranta?" Na sunkuyar da kai, don Munisah tana aji uku na sakandare a lokacin. Kika zauna a bakin gadon kika ce, a hankali yadda Sahwan ba zai ji ba, "To abu biyu ne ke damunki, rashin karatu da tsoro. Na farkon zan iya maganinsa."

An yi wa Sahwan gashin ƙari da na'ura, an yi masa ƙarin ruwan magani. Ya yi wata goma sha ɗaya. Ya rasu a gida, da la'asar, kansa a cinyata.

Ban zaci zan sake ganinki ba. Sai ga ki a sadakar tara ɗinsa da daron shinkafa a ka, kamar kowace mace ta ƙauye, ke da kike 'yar manyan gida. Daga nan kika fara zuwa ɗakin shan magani na ƙauyenmu duk ƙarshen wata, kina ɗibar jinin dangin waɗanda wannan ciwon daji ya taɓa. Kika ce ciwon yakan bi gida, kuma idan aka kama shi yana ƙarami, mafi yawa suna warkewa. Idan kin gama da layi sai ki zo rumfar ƙofar gidana ki cire takalmi ki ce, "Ina ɗalibata? Ko ta gudu taba?" Ina da shekara arba'in da shida na fara riƙe fensir. Matan unguwa suna wucewa suna dariya, wata ta ce ko gwamna nake so in zama. Kika ɗaga kai kika ce mata, "Akwai sauran wuri a tabarma, Inaq, gwamna yana bukatar mataimaki." Bayan wata biyu ta zo ta zauna.

Kalmar farko da na rubuta ita ce Sahwan. Na yi kwana uku a kan harafin farkonsa, yana juya mini baya.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Na ji kina gaya wa ungozoma cewa ƙwayar cutar da ke bayan wannan ciwo ta yawu take bi. Na koma gida ban iya cin abinci ba. Kowa ya san yadda muke renon jarirai a nan. Uwa takan tauna shinkafa har ta yi laushi, ta ƙunshe a ganyen ayaba, ta ɗumama, ta ɗura wa jariri da yatsa. Haka aka yi mini, haka na yi wa Sahwan tun yana da kwana bakwai, kuma ina alfahari da yadda yake karɓa. Wata guda na yi da wannan a cikina. Da kika dawo na kasa buɗe littafi. Na ce miki na gane, bakina ne ya kashe shi, ni na tauna masa mutuwarsa na ba shi.

Kika cire tabarau kika dube ni. Kika ce, "Inaq Sahwan, in haka ne sai a fara kama uwata, don ni ma taunanniya na ci, kuma ƙwayar nan tana jikina yanzu haka. Je ki kasuwa ranar Lahadi ki ƙirga mutum goma, tara suna ɗauke da ita, har da limamin da ke muku wa'azi. Wanda ba a tauna masa ba zai same ta a kofin shayi ko a bakin matarsa. Ke ba ki kai ki kashe kowa da baki ba, sai dai da surutu."

Na yi dariya ina hawaye. Na ce to in kowa yana da ita, me ya sa ɗana?

Kika tambaye ni aikin mahaifina. Na ce mai rabon ruwa ne, shi ke buɗe ƙofofin magudana ya rufe, don kowane fangalin shinkafa ya sami rabonsa. Kika ce madalla, ashe na riga na san rabin karatunki. Kika ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowane ɗaki akwai rubutaccen umarni da muka gada daga iyaye. Wani umarnin kamar ƙofar ruwa yake, idan an buɗe shi ɗakin ya girma ya rabu biyu. Wani kuma shi ne mai rufewa, mai cewa ya isa haka. Ita ƙwayar cutar a yawancin mutane kwanciya take yi ta yi barci har su mutu da tsufa. Amma a wasu kaɗan takan shiga ɗakunan da ke bayan hanci, ta ƙera wasu abubuwa nata da kuke kira furotin. Kika ce in ɗauke su kamar hannayen ɓarawon ruwa. Hannu ɗaya ya ɗaga ƙofar girma ya tokare ta da dutse. Wani hannun ya kwaɓa laka ya shafe umarnin rufewa, har ɗakin ya kasa karanta shi. Ruwa ya yi ta shiga babu mai tsayarwa, fangali ya cika ya ɓalle ya ci na maƙwabci. Wannan shi ne ƙarin.

Na ce me ya sa ta farka a jikin Sahwan ta yi barci a naki? Kika ce, "Ban sani ba." Ban taɓa jin likita ya faɗi haka ba. Kika ce akwai gado a ciki, akwai busasshen kifi mai gishiri da muke ba yara tun suna rarrafe, akwai hayaƙi, akwai abin da ba a gano ba tukuna. Kika ce shekara ashirin kike zaune gaban madubi kina bin sawun hannayen nan, wane ne ya taɓa wace ƙofa, ke da wasu irinki a ƙasashe da yawa, don ranar da aka san dutsen da aka tokare ƙofa da shi za a san yadda za a cire shi.

Ni dai daga ranar ban ƙara kallon magudanar ruwa yadda nake kallonta ba.

Sau ɗaya kika kai ni ɗakin aikinki. Na daɗe ina damuwa da ɗan naman da aka gutsira a jikin Sahwan, cewa an binne shi bai cika ba. Na kasa tambayar malamai don kunya. Kika nuna mini shi, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a cikin kakin zuma, da wani yanki nasa da ya fi fatar albasa siranta a kan gilashi. Kika ce in ina so ki ba ni in kai makabarta, hakkina ne. Kika sa idona a madubi. Na ga abu kamar gonar da aka hango daga kan dutse, shuɗi-shuɗi, da ɗigo masu duhu cunkushe wuri guda. Kika ce duk ɗigon nan sawun ƙwayar ce. Na daɗe ina kallo. Na tambaye ki ko wannan ɗan naman yana da amfani. Kika ce da shi da irinsa kike koyon yadda za a ceci ƙannensa. Na ce ki bar shi a wurinki. A ranar na sa hannu a takarda da sunana, ban dangwala yatsa ba, kika ce sa hannun ya fi na shugaban asibiti kyau. Na san ƙarya kike yi mini, amma na ji daɗi.

Tun rasuwar Sahwan, duk wata shida kina ɗibar jinin Munisah. Kin ce idan ƙwayar ta fara aiki a bayan hanci, ɓurɓushinta yakan zubo cikin jini tun kafin mutum ya ji komai. Sakamakon kuma ba ki taɓa faɗa ta waya ba. Takarda kike aikowa da sunana, ki ce aikin gida ne. Sau goma sha ɗaya tana zuwa, sau goma sha ɗaya kalmomi biyar ne a tsakiyarta: ba a gano komai ba. Na farko ke kika karanta mini. Na huɗu na haɗa da kaina, harafi bayan harafi, gumi yana zuba mini. Duk lokacin da ambulan ya zo sai in yi ta jujjuya shi a hannu kafin in buɗe. Ban taɓa sabawa ba.

Munisah ta yi aure, mijinta shi ma ya tafi Malesiya, ta dawo wurina ta haihu wata huɗu da suka wuce. Namiji, Hapiz. Daga ranar suna kowa ya koma kirana Papuq Hapiz, wato kakar Hapiz, kamar yadda ake yi wa duk wadda ta sami jika. Na san alheri ne, amma sai na ji kamar an sake ɗauke Sahwan daga gidan. Ban gaya wa kowa ba. Ke kaɗai ba ki canza ba. Kin zo barka, kin ɗauki yaron, kin gargaɗe ni kada in tauna masa komai kafin ya yi wata shida, nono ya ishe shi, sannan kika ce, "Kin ji ko, Inaq Sahwan?" Kika nanata sunan kina kallona. Allah ya saka miki da wannan ma.

To ga abin da ya faru a kwana takwas ɗin nan.

Ranar da kika rasu na so in tono takardar. Sai wani abu ya ce mini, ki kai wa wa? Wanda ya san mu a asibitin nan ya tafi. Wanda zai ce mini ban sani ba idan bai sani ba ya tafi. Na tuna fuskar Sahwan bayan gashi, bakinsa ya bushe ba ya iya haɗiye ko ruwa, na dubi Munisah tana shayar da ɗanta, na ce ba zan iya buɗe baki in faɗa mata ba. Na ce bari a yi sadakar uku tukuna. Da aka yi na ce bari a yi ta bakwai.

Ban daina kallon wuyanta ba. In tana wanki ina kallo, in tana tsefe kai ina kallo. Ranar Lahadi ta juyo ta ce, "Inaq, sarƙa kike nema a wuyana? Surukinki bai aiko ba tukuna." Na yi kamar na yi dariya. Ranar Talata ta fito daga wanka tana karkata kai tana bubbuga kunnen hagu, ta ce ruwa ya shiga ya ƙi fita. Wuƙar da nake yanka alayyafo da ita ta faɗi a ƙafata ban ji zafi ba sai da na ga jini. Wataƙila ruwan ne da gaske. Amma Sahwan ma da kunne ya fara.

Duk safiya ina ɗibar shinkafa daga saman randar nan in dafa mana, ita ta ci ta shayar da Hapiz, takardar tana ƙasa. Na je gidanku da daro a rana ta farko, na je a ta uku, na je a ta bakwai. Duk zuwa, shinkafar tana raguwa. Ina ganin tana sauka kamar ruwan rijiya da rani, ina lissafin saura nawa ta kai ƙasa. Jiya da azahar na shiga auna ta sadakar tara. Na rantse wa kaina ba zan kai miki rabin daro ba, ke da kika kawo wa ɗana cikakke. Na yi ta ɗiba da ƙoƙon kwakwa har ya fara kartar ƙasan randa. Sai ga gefen ambulan ya fito.

Na tsaya da shi a hannu. Ba zan ɓoye ba, na waiga ina neman wani wurin da zan sa shi. Babu sauran shinkafar da za ta rufe shi, duk ta koma daronki. Na ce to bari in ga ƙarshen abin, ko don in san girman abin da nake ɓoyewa. Na buɗe ninki na biyu. An rubuta cewa hawan lamba ba hukunci ba ne, wasu ana dubawa ba a sami komai ba, amma dole a duba. An ba Munisah rana wurin likitan kunne da hanci, ɗaki na bakwai, Litinin ashirin da biyar ga wata, ƙarfe takwas na safe. Saura kwana huɗu, ni ban sani ba.

Na buɗe ninki na ƙarshe. A ƙasa, da biro, da manyan haruffa irin waɗanda kike yi mini a farkon koyo, kin rubuta: "Inaq Sahwan, na san inda za ki sa wannan. Fito da ita. Shinkafa ba ta sanyaya wannan ciwo, sammako ne ke maganinsa. Zan tsaya muku a bakin ƙofa."

Likita, na zauna a ƙasan madafa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka faɗa mini rasuwarki. Shekara shida kina koya mini, kina yaba sa hannuna, ashe ba ki taɓa ruɗin kanki a kaina ba. Kin ce na farkon za ki iya maganinsa. Na biyun kin san yana nan, kuma ba ki raina ni saboda shi ba, sai kika tanadar masa magana.

Na fita. Munisah tana rumfa, a tabarmar da muke karatu, Hapiz yana barci a cinyarta. Ban miƙa mata takardar ba, don da na miƙa da na gudu. Na tsaya a gabanta na karanta mata da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, ban tsallake kalma ko ɗaya ba. Da na gama ta kalli garin da ke jikin ambulan, ta kalli hannuna.

Ta ce, "Yaushe ta zo?"

Na ce Laraba waccan.

Ta ƙirga a yatsa. Ta ce, "Ta Yaya wata biyar, tawa kwana takwas. Lallai makaranta ta yi miki rana, Inaq." Ba dariya take yi ba. Ta juya mini baya, ta daɗe kafaɗunta suna motsi. Ban matsa kusa ba, ban ga ina da hakki ba. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "In sun riƙe ni, wa zai riƙe Hapiz?" Na ce ni. Ta ce, "Kada ki tauna masa komai." Na ce na ji. Sai ta miƙo hannu ta baya ta kama bakin zanena.

Ban san abin da za a gani ranar Litinin ba. Ina tsoron siririn bututun da za a zura mata a hanci, ina tsoron fuskar likitan idan ya ɗago kai, ina tsoron kada a ce an ga wani abu, ina tsoron kada kwana takwas ɗina su zama cikin lissafi. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan, kuma ba zan yi miki ƙarya a kan kabarinki in ce ya ragu ba. Amma na yi magana da mai motar da ke fita bayan sallar asuba, ya ce zai tsaya mana a bakin masallaci. Takardar tana manne a bango saman ƙofa, inda duk mai shigowa zai gan ta. Randar kuwa na wanke ta na kife a rana.

Ya Allah, ga baiwarka Baiq Wirasti ta zo gare Ka. Ka ji ƙanta, Ka gafarta mata, Ka yalwata mata kabarinta Ka haskaka shi. Idanun nan da ta ƙarar a kan madubi tana neman abin da zai ceci 'ya'yan mutane, Ka sanyaya su da ganin rahamarKa. Duk harafin da na karanta har in mutu, da duk wanda matan rumfata suka karanta, Ka rubuta mata ladansa. Ka ba waɗanda ta bari a ɗakin aikinta basira da haƙuri su ci gaba daga inda ta tsaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, Lalu Darmasih, wanda ya yi shekaru yana jiranta a mota a ƙofar gidana ba tare da ya taɓa danna ƙaho ba, da 'ya'yanta biyu, Lalu Gilang da Baiq Sekarwati. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ina miƙa ta musamman ga mahaifiyarta, wadda ta tauna mata shinkafa da bakinta ta rene ta har ta zama abin da ta zama. Uwa, na san abin da ake ji idan ɗa ya riga ki. Ba ni da maganar da za ta rage miki shi. Allah ya sa ita ce za ta tarbe ki a ƙofar Aljanna.

Ku kuma da za ku taru da yamma, idan kun gama yi mata addu'a ku ƙara da sunan Munisah. Ranar Litinin ƙarfe takwas za mu iso ɗaki na bakwai. Na san zan duba bakin ƙofar, Likita, ko da na san ba kya nan. Sannan in kama hannun 'yata mu shiga.

Inaq Sahwan, da hannunta.